Wa Ya Ba Likita Haƙuri da Sunana?

Ƙanena Injiniya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar da ta zama dole a kaina, tunda kakata da kakanka ciki ɗaya suka fito, kuma ba a nemi shawarata ba kafin a ƙulla wannan zumunci. Ina fata kana lafiya, kai da injunan da kake gadi a can inda ka ce sabis ba ya isa sai an hau mota an fito gari. Yaya mai ɗakinka da yara? Mu nan lafiya lau. Gwiwata ta hagu tana nan da halinta. Hawan jinina kuwa ya sauka sosai, har zuwa ranar da na bi shawararka.

Ka tuna zuwanka na ƙarshe? Ka zauna a kan kwalin ƙamus a falo, don babu kujerar da littafi bai riga ka hawa ba. Ka zuba mini ido ina ɗaukar hoton tsofaffin littattafan da nake sayarwa a intanet, ina rubuta bayaninsu, ina amsa wa masu saye, ina naɗe oda da tef a bakina. Ka girgiza kai ka ce, "Yaya, wannan ai ba sana'a ba ce, bauta ce." Ka ce akwai 'yan ƙwadago a intanet, a ƙasashen da ko a taswira sai na laluba, waɗanda za su ɗauke mini duk wannan a kan abin da bai kai kuɗin shayi ba. Ka buɗe asusu da sunanka, ka ɗauko mutum uku, ka shigar da su shagona, ka ce in miƙe ƙafa in yi karatu. Sannan ka tafi da kalmar sirrin a cikin kanka.

Na miƙe ƙafar. 'Yan makonni ban leƙa shafin ba. Ga abin da na tarar.

Na farko, mai gyaran hoto, yaƙi yake yi da tsufa. Littafin da ke da tabon gindin kofi a bango, da kusurwar da ɓera ya ɗanɗana, ya fito a shafi fes kamar yau aka buga shi. Wata mata ta karɓi nata ta rubuto cikin ladabi tana tambaya ko a hanya ya tsufa.

Na biyu, mai rubuta bayani. Ka san yadda nake nawa. In littafi bai yi ba, sai in rubuta: "Rabin farko ya yi kyau, a rabi na biyu marubucin ya gaji amma bai gaya wa kowa ba." Don wannan mutane suke zuwa wurina, ba don arha ba. Yanzu kowane littafi a shagona zai canja rayuwar mai karatu. Littafin koyon gyaran famfo zai canja rayuwarka. Wani tsohon kundin lambobin waya da na ajiye don masu tara tarkace, an rubuta a ƙarƙashinsa cewa labari ne mai taɓa zuciya wanda ba za ka iya ajiyewa ba.

Duk wannan zan iya haɗiyewa da ruwa. Na ukun ne ya sa na ɗauko alƙalami, wato mai amsa saƙonni. Bawan Allahn nan rana tana fitowa a garinsu lokacin da take faɗuwa a namu. Kafin in farka in ɗora ruwan zafi, ya riga ya ba duniya haƙuri da sunana. Wanda ya ce littafi ya yi tsada, haƙuri. Wanda ya ce ya yi arha, haƙuri. Wani ya rubuto ya ce na gode, shi ma an ba shi haƙuri.

Kuma ya ba Likita haƙuri.

Ba ka san Likita ba. Tsohon likitan haƙori ne da ya ajiye aiki, yana wani gari, ban taɓa ganinsa ba, shi ma bai taɓa ganina ba. Ba ya ɗaukar waya don kunnensa ya yi nauyi, sai rubutu. Shekaru da yawa da suka wuce ya sayi wani littafin ƙagaggen labari a wurina, labarin mai gyaran agogo da ya tsallake matarsa da 'ya'yansa ya tafi, ya dawo da furfura a babin ƙarshe, kowa ya yafe masa. Na rubuta a bayanin cewa babin ƙarshen cin amanar mai karatu ne. Likita ya rubuto ya ce babu ƙarshen da ya kai shi gaskiya, kuma ni zuciyata ce ta bushe. Na ce masa wanda ya ƙare rayuwarsa yana cire wa mutane haƙori ba shi ne zai koya mini taushin zuciya ba. Tun daga ranar, duk mako sai mun taɓa, kuma duk wata sai ya yi oda.

Shekaran jiya ya turo sabuwar hujja, mai rauni ƙwarai, wadda da na murƙushe kafin shayina ya huce. Da safe na tarar an riga an amsa masa: "Ya mai girma abokin ciniki, ka yi gaskiya ɗari bisa ɗari. Babin ƙarshe yana da ban sha'awa matuƙa. Muna ba da haƙuri a kan duk wani saɓani da ya gabata."

Duk wani saɓani da ya gabata! Gardamar da na yi rainonta kamar ɗan cikina, an miƙa ta kyauta ina barci.

Ka turo mini kalmar sirrin nan yau, in sallami mutanenka.

Yayarka

*

Ƙanena,

Sallama. Ina fata lafiya ce ta hana ka amsa, ko da yake in lafiyar ce, ba ta yi mini amfani ba. Gwiwa da sauƙi. Mako ya zagayo shiru.

Bari in gaya maka abin da ke kan wuta, don ka daina ɗauka rigimar tsofaffi ce kawai. Likita zai bar gidansa ya koma wurin 'yarsa, inda ɗaki ɗaya za a ba shi. Yana da littattafan da ya tara tun yana ɗalibi, ɗaki biyu da baranda. Bara ya rubuto mini cewa ranar da zai tashi, ni zai damƙa wa su gaba ɗaya. Ga abin da ya ce, na haddace: "Ba don ina ganin kina da hankali ba, sai don ke kaɗai na sani da ba za ta yi wa littafi ƙarya ba." Ban taɓa samun yabon da ya kai wannan ba, har daga marigayi maigidana, Allah ya jiƙansa.

Jiya Likita ya rubuto. Bai yi murnar cin gardama ba. Cewa ya yi, ko dai na mutu magada suna juya shagon, ko na sayar da shi, ko kuma na zama irin sauran. Ya ce ko wanne ne a ciki, gara ya kira mai sayen takarda a kilo ya auna su a sikeli, domin shi aƙalla ba ya cewa ya karanta.

Na zauna na rubuta masa amsa da hannuna. Kafin in gama zaɓen kalmomin da suka dace da girman wautarsa, mutuminka ya riga ni: "Muna baƙin cikin jin labarin rasuwar. Allah ya ba da haƙuri."

Ya yi wa Likita ta'aziyyata, ƙanena. Da sunana.

Kalmar sirri. Ba na son gaisuwa, ba na son hoton yara.

Yayarka, wadda ke raye

*

Ya ke Yaya mai daraja,

Mun gode da tuntuɓar mu. Saƙonki yana da muhimmanci a wurinmu ƙwarai da gaske. Kin yi gaskiya ɗari bisa ɗari a duk abin da kika faɗa, kuma muna ba da haƙuri a kan duk wani saɓani da ya gabata. Muna jajanta miki game da gwiwarki ta hagu, da fatan ba za ta hana ki ci gaba da hulɗa da mu ba. Muna farin cikin jin cewa kina raye.

Idan wannan amsa ta gamsar da ke, muna roƙon ki sanar da mai asusun.

Naki har kullum,
Ƙanenki Injiniya

*

Kai,

Ba sallama yau. In kana lafiya, ka gode wa nisan da ke tsakaninmu.

Tun kana rarrafe na san ka. Ban taɓa jin ka ce na yi gaskiya ba, ko ranar da na ce maka kada ka taɓa dutsen guga ka taɓa. Yau kuma na yi gaskiya ɗari bisa ɗari? Ashe har wasiƙun 'yan uwanka ka ba da kwangilarsu? Mutumin da ya yi wa Likita ta'aziyyata shi ne kuma yake taya ni murnar ina raye? To ka gaya masa na gode, ya fi wasu dangin kula.

Ka fahimce ni, ba shi nake jin haushi ba. Na zauna na yi tunanin bawan Allahn nan. Yana can a wani ɗaki da fanka mai ƙara, yana amsa wa mai sayar da takalma da mai sayar da man shafawa da ni a lokaci ɗaya. A wurin da ka ɗauko shi taurari ake ba ma'aikaci, in aka rage masa ɗaya, gobe babu mai ɗaukarsa. Wanda abincin 'ya'yansa ke rataye a kan kada ran kowa ya ɓaci, me zai sayar in ba haƙuri ba? Na karanta littattafai da yawa a kan bayi da iyayen gijinsu, ban taɓa zaton zan wayi gari ina da nawa ba, kuma ban ma san sunansa ba. Kai ne ka ce abin da nake yi bauta ce. Ba ka kashe bautar ba, wuri ka sauya mata.

Abu ɗaya nake so a duniyar nan: wanda ya rubuto wa shagona ya ji muryata, ya sami amsa irin wadda na saba bayarwa. Shi ke nan. Wannan bai fi ƙarfin injiniya ba.

Yayarka

*

Yaya, ranki ya daɗe,

Assalamu alaikum. Wannan karon ni ne da kaina, wallahi, ga shaida: ba ki yi gaskiya ɗari bisa ɗari ba, kin yi dai kamar saba'in. Ina lafiya, sai ɗan mura. Mai ɗakina tana gaishe ki, ta ce a gaya miki ba ruwanta. Ki riƙa shafa wa gwiwar nan man zafi.

Yau na fito gari na tarar da wasiƙunki a jere, na karanta su a tsaye a bakin shagon aski, har mai askin ya tambaye ni ko rasuwa aka yi. Na ce a'a, an dai yi ta'aziyya.

Maganar waccan amsa, ki yi mini afuwa. Da zan shiga wurin aiki ne mai amsa saƙonnin ya ce zai haɗa da akwatin saƙona ba tare da ƙarin komai ba. Na ga garaɓasa ce. Ban yi tunanin ke za ki faɗo ciki ba, na ɗauka masu tallan inshora ne kawai. Kuma laifin ban haƙurin nan nawa ne, don ni na rubuta masa tun farko cewa kada in ji ƙorafi ko ɗaya.

Amma Yaya, ki duba alƙaluma. Masu leƙa shafinki sun ƙaru. Matsalarki ba ta ma'aikata ba ce, ta umarni ce. A wurin aikinmu in inji ya yi ba daidai ba, ba a jefar da shi, saiti ake sauya masa. Na karanta inda kika ce kina son duk wanda ya rubuto ya ji muryarki, ya sami amsa irin taki. Kin ga da kin faɗi haka tun farko, da an wuce wurin. Na riga na gyara. Na gaya masa ya daina ba da haƙuri, ya riƙa magana kamar ke. Ya nemi samfuri, sai na tura masa wasiƙun nan naki duka, don ban san inda muryarki ta fi fitowa kamar a cikinsu ba.

Kalmar sirri kuwa zan riƙe tukuna, don na san ki. In na ba ki yau, gobe kin kori kowa kin koma cin tef. Ki ba sabon tsarin dama. Motarmu za ta koma da yamma, sai na sake fitowa.

Ƙanenki mai ƙaunarki

*

Injiniya,

Sallama, don addini ya ce a yi. Allah ya ƙara maka murar.

Ka tura masa wasiƙuna.

Na ce ina son mutane su ji muryata. Muryata, daga bakina! Ban ce a cire ta a ba wani aro kamar tsani ba. Bari ka ji yadda saitinka ya yi aiki.

Wata malamar makaranta ta tambaya ko ana rage kuɗin aike in mutum ya sayi littafi uku. An amsa mata: "Ba a nemi shawarata ba kafin a ƙulla wannan zumunci." Wani ɗalibi ya tambaya ko akwai juzu'i na biyu na littafin tarihi. An ce masa: "Ba na son gaisuwa, ba na son hoton yara." Wani dattijo mai sayen littattafan noma ya yi sallama kawai, aka ce masa ya gode wa nisan da ke tsakaninmu. Mutum bakwai ko takwas sun san halin da gwiwata ta hagu take ciki. Ɗaya ya turo sunan magani.

Shi kuwa bawan Allahn, a ƙarshen kowane zagi sai ya ƙara da cewa, "Da fatan wannan ya taimaka." Hannunsa ya saba.

Likita ya rubuto don ya gwada ko akwai sauran rai a shagon. Ya kawo maganar matar mai gyaran agogo. An amsa masa: "Tun kana rarrafe na san ka." Mutumin da ya girme ni da shekara ashirin!

Na yi maza na rubuta masa ta lambata, na bayyana masa komai, na ce ni ce, ga abin da ya faru, wani ƙanena ne da aka haifa da shawara a baki. Ga amsarsa, na kwafe maka ita don ka rataye a wurin aikinku:

"Ko wace ce ke, sannu da ƙoƙari. Da farko an yi hayar mai ladabi. Da aka ga bai karɓu ba, aka yi hayar mai tsiwa. Yanzu kuma an yi hayar mai ba da uzuri. Matar da na sani ba ta zagin mutum sai ta karanta littafin. Zagin da babu karatu a bayansa hayaniya ce kawai. Mai sikeli zai zo ranar Asabar."

Ka ga inda ka kai ni? Ladabi ba nawa ba, tsiwa ba tawa ba, gaskiyar ma da na faɗa ta zama ta haya. Duk abin da na rubuta yanzu, wani zai iya rubuta shi a kan kuɗin shayi.

Ina da adireshinsa, shekaru nake manna shi a kan kwali. Zan rufe gida in hau mota da wannan gwiwar. In na mutu a hanya, kada ka wahalar da kanka, akwai mai yin ta'aziyya a asusunka.

Yayarka

*

Yaya,

Innalillahi. Ina gaisuwa a durƙushe. Murar ta ƙaru, addu'arki ta ci. Na roƙi direban motar kayan abinci ya fito da ni don in ga yadda sabon tsarin yake tafiya, na ga yadda yake tafiya.

Ga kalmar sirrin a saƙo na daban. Don Allah kada ki yi doguwar tafiya a kan tsofaffin takardu. In kin ga dama, akwai masu zuwa aike su ma a intanet, ana iya samun wanda ke garin ya je a madadinki.

Na goge wannan layin na ƙarshe a zuciyata, ki ɗauka ban rubuta ba.

Ƙanenki

*

Ƙanena,

Assalamu alaikum. Na dawo lafiya. Gwiwa ta kumbura kamar an hura ta, amma hawan jini ya sauka, likitan unguwa har ya sake aunawa don bai yarda ba. Ina fata murarka ta sake ka. Na janye waccan addu'ar, rabinta.

Na isa ranar Asabar da hantsi. Gidan bene ne, hawa na biyu, matakala ƙunci. Tun daga ƙasa na ga kwalaye a jere. A baranda ga wani ƙato da sikelin rataye, ya saƙala ƙugiya a igiyar da aka ɗaure littattafai da ita, yana karanta nauyi da ƙarfi kamar mai gwanjo. Na ga wani kundin waƙoƙi mai bangon fata yana lilo a iska tare da tsofaffin mujallun haƙori. Na ce, "Malam, sauke wannan." Ya ce, "Hajiya, layi ake bi, in naki kika kawo ki ajiye can."

'Yar Likita ce ta fito, mace mai fara'a da ƙura a gira. Na ce ni ce mai littattafai. Ta sa hannu a baki ta ce, "Ke ce? Baba ya ce kin rasu." Na ce an gyara wannan labarin.

Yana zaune a kujera ɗaya tilo da ta rage a ɗakin, ɗan ƙaramin tsoho, da na'urar ji a kunne da sanda a kan cinya. Ni da na ɗauka zan ga dogo mai faɗin kafaɗa, saboda girman kuskurensa. Ya dube ni sama da ƙasa.

Ya ce, "An yi hayar mace mai jaka."

Na ce, "Likita, ni ce."

Ya ce, "Haka waccan ma ta ce. Nawa aka ba ki? Har da kuɗin mota?"

Na zaro katin shaidata. Ya ce bai taɓa yin gardama da kati ba. Na faɗa masa littattafan da ya saya a wurina tun daga na farko. Ya ce duk wanda aka ba makullin shago zai ga wannan. 'Yarsa ta ce, "Baba, baiwar Allah ta yi tafiya, ko ruwa a ba ta." Ya ce, "A ba ta, ma'aikaci yana da haƙƙi." A waje kuwa ƙaton nan yana ta kiran kilo.

Na tsaya da kofin ruwa a hannu kamar wadda ta zo neman aiki.

Sai ya yi ajiyar zuciya, ya laluba gefen kujera ya ɗauko littafin mai gyaran agogon, wanda na sayar masa, na gane tabon da ke bayansa. Ya ce, "Ko wace ce ke, ki kai wa mai shagon saƙo. Na sake karanta shi a makon nan. Ta yi gaskiya. Babin ƙarshen bai yi ba. Na sallama."

Ƙanena, shekaru nake jiran wannan kalma. Na ce, "Me ya sa bai yi ba?"

Ya ce, "Ya yi tsawo. Da an rage shi."

Na dire kofin. Na ce, "Tsawo? Tsawo, Likita? Shekara nawa ina yi maka bayani, abin da ka kwaso ke nan? Ai gajarta ce ta kashe shi! Matar nan ta yi ɗinki ta ciyar da yara, ta binne ɗaya ita kaɗai, marubucin bai ba ta ko shafi guda ta buɗe baki ba, sai ya ce ta yi murmushi ta matsa masa kujera. Wace mace? A wace duniya? Da ya ba ta babi biyu ta wanke shi tas, sannan in ta ga dama ta yafe, da na yarda. Kuma in za ka rage, me za ka cire? Kada ka ce mini wurin da ya tsaya a bakin ƙofa ya ji agogon bangon da ya bari yana bugawa daidai, ya gane cewa duk shekarun nan wani yana murɗa masa makulli don kada ya tsaya. In ka taɓa wannan shafin ka kashe littafin, don babu shafin da ya kai shi a duk abin da aka rubuta a wancan zamanin! Ka ajiye sallamarka, ba na karɓar nasara daga hannun wanda bai san dalilin da ya sa ya faɗi ba!"

Mai sikeli ya leƙo ta taga. Likita ya sa yatsa ya rage ƙarar na'urar kunnensa, yana murmushi da haƙoran da ba na shakka shi ya haɗa su da kansa.

Ya ce da 'yarsa, "Ita ce. Ce wa mutumin nan ya sauke kayana."

Mai sikeli ya ce, "Alhaji, ni fa a gaya mini gaskiya, takarda ce ko ba takarda ba ce?" Na ce mujallun haƙorin takarda ne, ya kwashe su da albarkata.

Sannan tsohon nan ya juyo ya ce, "Malama, ashe akwai shafi mai kyau a babin ƙarshe? Shekaru kina ce mini babu ko layi ɗaya."

Na ce ban faɗi haka ba. Ya ce 'yarsa shaida ce, mai sikeli ma shaida ne. Mai sikeli ya ce shi dai ya ji an ambaci agogo.

Littattafan za su iso cikin mota a mako mai zuwa. Ban san inda zan sa su ba, wataƙila in koma kwana a baranda. Na mai gyaran agogon kaɗai ya riƙe, ya ce yana da sauran aiki da shi.

Mutanenka uku na sallame su jiya. Na rubuta wa kowannensu da kaina, na cika musu taurarinsu. Mai amsa saƙonni ya fi kowa cancanta: sau biyu ana ba shi umarnin banza, sau biyu yana cikawa ba ragi. Ya amsa mini da cewa yana ba da haƙuri. Na bar masa wannan, nasa ne.

Kai kuwa ka sani, na sami ɗaki biyu da baranda na littattafai, amma na yi asarar shafi ɗaya da na ɓoye wa Likita tun ranar da muka fara, kuma wannan shafin a wuyanka yake har gaban Allah.

Bari in tsaya nan. Saƙonsa ya shigo yanzu ina cikin rubutu. Wai, "Bana shafi ɗaya, baɗi babin gaba ɗaya." Ka ji tsoho da ƙarfin hali. Ruwan shayina yana kan wuta, kuma kafin ya tafasa zai san wadda ya taɓo.

Ka gaida mai ɗakinka da yara. Hoton nasu ma ka turo.

Yayarka